Jujin Bakin Lungunmu

A bakin lungunmu, daidai inda hanyar ƙasa take haɗuwa da kwalta, akwai wani juji da ya girme ni. Duk wanda zai yi wa baƙo kwatancen gidanmu da shi yake farawa: in ka iso juji sai ka yi hannun dama, gida na huɗu mai zauren ƙasa. Ba mu taɓa jin nauyin wannan kwatance ba, domin a wancan lokaci jujin ya san iyakarsa. Yakan yi ta tasowa daga Juma'a zuwa Laraba, ranar Alhamis tifa ta zo a kwashe shi, a bar wurin da baƙar ƙasa mai danshi wadda kaji suke tonawa. Cikin mutanen da suke dirowa daga bayan tifar nan, shebur a kafaɗa, ƙyalle ɗaure a hanci, har da mahaifina.

Baba leburan tsafta ne a sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu, ɗaya daga cikin takwas ɗin da suka haɗu suka yi birnin Kano da kewayensa. An ɗauke shi aiki a 1985, shekarar da gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta shigar da tsaftar muhalli cikin yaƙin da take yi da rashin ɗa'a, ya kuma ajiye aiki a 2020 bayan ya cika shekara 35. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na yi shekaru ina jin kunyar sana'arsa. A firamare akwai yaron da ya laƙaba mini suna ɗan mai kwasar bola, sunan kuma ya bi ni har aji shida. Ranar Alhamis nakan zaga ta bayan masallaci in tafi makaranta, don kada mu yi kiciɓis da shi a gaban abokaina. Ya sani sarai, bai kuwa taɓa ɗaga mini maganar ba. Da albashin shebur ɗin nan ya biya mini kuɗin jarrabawa, da shi na shiga jami'a na karanta labarin ƙasa, ni ne kuma na farko a ɗakinmu da ya kai can.

A jami'ar ne na sami kalmomin da zan lulluɓe tsohuwar kunyata da su. Na karanta cewa kundin tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kwashe shara da kula da bahaya da makewayin jama'a. Na kuma karanta yadda wannan nauyi ya yi ta sulalewa daga hannunsu. Kuɗinsu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da yake isa sakatariya da ƙyar yake biyan albashi, balle a sayi taya ko a zuba wa tifa man dizal. Gari kuma yana ta faɗaɗa, sharar Fagge ba ta san inda iyakar Dala take ba. Saboda haka a 2003 jihar Kano ta kafa hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli, wadda aka fi sani da REMASAB, manyan tituna da manyan jujaye suka koma ƙarƙashinta. Su Baba ba su daina aiki a cikin unguwanni ba, sai dai kayan aikin ne suka yi ta ƙarewa a hannunsu. Zuwan tifa ya koma sau biyu a wata, daga nan sai an yi sa'a. A shekarunsa na ƙarshe, baro ɗaya suke karɓa-karɓa su shida.

Don haka da aka ba da sanarwa a 2021 cewa gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai zaman kansa ya karɓi sharar Kano, ni murna na yi. An ce za a kawo motoci na zamani, an ce sharar ma za ta zama dukiya, a fitar da taki da iskar gas da wutar lantarki daga cikinta. Wannan shi ne ainihin abin da muke rubutawa a takardar jarrabawa mu ci maki. A daren da muka ji labarin a rediyo muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, na gyara zama na shiga yi wa Baba bayani, irin bayanin ɗalibin da bai daɗe da koyon abu ba. Na ce masa hukuma ba ta iya kasuwanci ba, ma'aikacin gwamnati ko ya yi ko bai yi ba wata zai ƙare a biya shi, amma kamfani in bai yi ba ba zai ci ba.

Ya bar ni har na kai aya, yana jan carbinsa. Sannan ya ce, "To ɗan boko, na ji. Motar tasu za ta shigo lungun nan?"

Na ce ai za a ajiye manyan mazubai a bakin titi, kowa ya kai tasa.

Ya ce, "Madalla. In kuma ba su zo ba, wa za mu gaya wa?"

Na yi dariya na ce akwai lambar waya. Bai ce komai ba, ya miƙe ya shiga cikin gida. A lokacin na ɗauka na yi nasara a muhawarar.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, ya kamata in tsaya kan sharar kanta, domin na lura masu tsara irin wannan yarjejeniya sukan yi magana a kanta kamar abu ɗaya ce a ko'ina. Sharar gidan mai hali a Nasarawa ko Bompai kwali ce da roba da gwangwani da ragowar abinci, ba ta da nauyi, tana matsuwa, ga ta a ƙofar gida mai lamba a kan titi mai suna. Sharar lungunmu kuwa yawancinta ƙasa ce da toka. Tsakar gida ba siminti, kullum safe da yamma sai an share, abin da tsintsiya ta tara rairayi ne da tokar murhu da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da karan rake da aka tauna. Kwando ɗaya sai yaro ya yi nishi kafin ya ɗaga. Motar da aka ƙera don ta matse kwali, in aka yi ta ɗura mata rairayi, ba ta jimawa sai ta kwanta. Ga shi kuma gida ɗaya iyali huɗu ne ko biyar, in aka kawo takardar kuɗin shara ba a san wanda za a miƙa wa ba.

Wannan shara mai nauyi, a da, ba ta rasa masoya ba. Baba yakan ba mu labarin yadda da rani manoman ƙauyukan da suke kewaye da birni suke shigowa da jakuna, su kawo itace ko kara su sayar, su koma da mangala cike da takin juji su zuba a gona. Da wannan ne gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su shekara da shekaru ba hutu, ba su gaji ba. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni, babu wanda ya sa hannu a takarda. Leda ce ta shiga tsakani. Tun da ruwan leda da baƙar leda suka cika gari, takin juji sai an tsince shi kafin ya shiga gona, akuya ta haɗiyi leda ta kumbura ta mutu, lambatu kuma ya toshe tun ruwan farko. Duk da haka har gobe akwai masu rayuwa a kan juji: almajirin da yake bi gida-gida yana ɗaukar kwando a ba shi na abinci, mai baro da yake kaiwa bakin titi, 'yan jari-bola masu tsintar ƙarfe da roba da gorar ruwa su kai a auna. Su ne suke yin rabin aikin, rabin da ya fi wuya, daga tsakar gida zuwa inda mota za ta iya tsayawa. A duk jawaban da na saurara a rediyo game da sabon tsari, ban ji an ambace su ba.

Damina ta sauka. Motocin sun zo, na gan su da idona a manyan tituna, kuma gaskiya ne wasu wuraren sun yi fes a makonnin farko. Jujinmu dai ba a waiwaye shi ba. Ya cika gurbinsa, ya gangaro ya cinye rabin hanyar ƙasa, ya tura ƙafa cikin lambatun da yake ɗauke ruwan lungu gaba ɗaya. Masu a-daidaita-sahu suka daina shigowa. Mai ƙosai da take zama a gefen ta tashi, domin ƙuda ya hana ta ciniki. Wata ranar Talata cikin watan Agusta aka yi ruwa tun daga la'asar har tsakar dare, lambatu ya ƙi karɓa, ruwan ya juyo da baya ya shigo gidaje ɗauke da duk abin da jujin ya tara. Mun kwana a tsaye muna kwalfewa da bokiti. Da gari ya waye, tsakar gidanmu leda ce da tsumma da ƙazantar da ba na son in ambata a rubuce, rijiyarmu kuma ta sha daga wannan ruwa har wuya.

Kwana huɗu bayan haka ƙanwata, auta, mai shekara tara, ta kama amai da gudawa. Shekarar 2021 shekarar kwalara ce a Nijeriya: an ba da rahoton sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Ba zan ɗora wa juji alhakin annoba shi kaɗai ba, domin gurɓataccen ruwan sha da bahaya a fili su ne kan gaba. Amma na san hanyar da ruwan ya bi ya shiga rijiyarmu. Na goya yarinyar nan a bayana har bakin titi saboda babu abin hawan da zai iya shigowa, na bi ta gefen jujin ina jin numfashinta a wuyana yana raguwa. Leda biyar ta ruwa aka ƙara mata. Allah ya yi da sauran kwananta.

Ranar da aka sallamo ta, Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya ce in raka shi. Muka fara da mai unguwa. Ya tarbe mu da mutunci, ya ce, "Wallahi Malam, abin ya dame ni kamar yadda ya dame ku, amma ka fi ni sanin yanzu ba a hannunmu yake ba." Muka je wajen kansila, ya ce an karɓe aikin daga ƙananan hukumomi, ko sisin shara ba ya gani. Muka je tsohon ofishin su Baba, inda ya yi shekara 35 yana sa hannu kowace safiya. Abokan aikinsa suka taso ana ta gaisawa, aka kawo masa kujera, aka jajanta, sannan aka nuna masa tifar nan tasu a bayan gini, tana zaune a kan duwatsu ba taya, ciyawa ta fito ta cikin bodinta. Daga ƙarshe na kira lambar wayar da na yi masa alfahari da ita. Wata budurwa ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai, ta ce in ba ta sunan titi da lambar gida. Na ce lungu ne, ba shi da suna a rubuce, amma in an zo wajen juji sai a yi hannun dama. Ta ce wane juji. Na rasa abin da zan ce mata, domin a wannan damina kowace unguwa tana da irinsa.

A hanyarmu ta komawa Baba bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Labarin duba-gari ya ɗauko mini, wanda ya tarar da ƙarshen zamaninsu: yadda mutum ɗaya da kakinsa zai shigo unguwa, mata su yi ta rige-rigen wanke randa da share bayan ɗaki, domin zai leƙa ko'ina, wanda ya samu da ƙazanta kuma sai ya biya tara. Ya ce mutane suna tsoronsa, wasu ma suna ƙinsa, amma kowa ya san gidansu. In unguwa ta ƙazanta, shi ma akwai wanda zai kira shi ya tsaya a gabansa. Ya ce ko a nasu zamanin, in tifa ta yi mako biyu ba ta zo ba, tsofaffin lungu ba sakatariya suke zuwa ba, zaurenmu suke zuwa su zauna, shi kuma kunya ta hana shi barci har sai ya je ya roƙi direba. Na tuna da zaman tsofaffin nan. Ina yaro na ɗauka hira suke zuwa yi.

A nan ne na gane tambayarsa ta biyu ba ta tsufa ba ce, ba kuma ta ƙin sabon abu ba. Ƙaramar hukuma ta gaza, wannan ba abin musu ba ne, shi kansa Baba ya fi kowa faɗa. Amma gazawarta tana da fuska, tana da ƙofar da za a yi sallama. Kansila a cikinmu yake kwana, zai zo ɗaurin aure da jana'iza, bayan 'yan shekaru kuma zai dawo neman ƙuri'a. Kamfani kuwa ba da mu ya yi alkawari ba, da gwamnati ya yi, a cikin takardar da babu wanda ya taɓa karanta mana ita a unguwa. Ba mu san unguwa nawa aka ce ya kwashe ba, ko sau nawa a mako, ko abin da zai same shi in bai yi ba. Ban kuma ga laifin ɗan kasuwa ba in ya fara da inda kuɗi yake, wato kasuwanni da unguwannin da ake iya kai wa takardar biya. Lissafinsa ke nan, mai da taya da albashi ba sa jiran tausayi. Laifin yana wuyan wanda ya miƙa masa gari sukutum, ya sallami masu sa ido na ƙasa, bai kuma tanadi wanda zai biya wa lungu irin namu ba. An ce babba juji ne, kowa ya kwaso tasa a kansa zai zuba. Hukumar da ta ba da kwangilar shara tana iya ba da aikin, amma zamanta juji ba ya bayuwa.

Ba Kano ce ta fara taka wannan sawu ba. A 2017 gwamnatin Akinwunmi Ambode a Legas ta miƙa kwasar sharar gidaje ga kamfanin Visionscape, aka ture ƙananan 'yan kwangilar da suka daɗe suna bin unguwanni. Shara ta taru a titunan Legas har ta zama abin magana a ƙasa baki ɗaya, kuma kafin ƙarshen 2018 majalisar dokokin jihar ta nemi a mayar da ƙananan 'yan kwangilar bakin aiki. Wannan ya faru shekara uku kafin tamu yarjejeniyar, yana cikin jaridun da ni kaina na karanta don rubuta aikin aji. Na karanta, na ci maki, ban ɗauki komai ba. Tamu ma ba ta yi nisa ba: a 2022 gwamnatin Kano ta soke yarjejeniyar, aikin ya koma hannun hukuma.

Shekarar nan ta 2022 malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na zauna a gida ba abin yi. Kafin ruwan farko Baba ya tara samarin lungu a zaure. Ba ƙungiya muka kafa ba, ba mu da suna ko shugaba. Kowane gida aka yanka masa abin da zai iya bayarwa a mako, aka sayi baro biyu da shebur huɗu, aka ɗauki almajirai uku manya da wani mai baro aka ce aikinsu ne, za a biya su ranar Juma'a. Baba ya bi da mu lambatun tun daga kansa har inda ya faɗa babbar kwata, yana nuna mana da sanda: nan yake fara toshewa saboda kwanar ta yi tsini, nan akwai tsohuwar rijiya da aka cike, kada a tara shara a kanta, nan gidan tsohuwa ce ba ta da yaro, sai an shiga an ɗauko mata. Shekara uku ina zana taswira a jami'a, ban taɓa ganin mai cikar wannan ba, ga shi kuma babu inda aka rubuta ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar ce na fara riƙe shebur a bakin titi da rana tsaka, abokan karatuna suna wucewa muna gaisawa.

Kada a ɗauka ina cewa gayya za ta maye gurbin hukuma. Ƙarfinmu a bakin kwalta yake ƙarewa. Daga nan zuwa wajen gari aikin mota ne da mai da filin zubarwa, kuma ban ƙi a ba kamfani wannan ɓangaren ba, in an auna abin da ya kwashe kafin a biya shi, aka kuma manna sharuɗɗan da Hausa a ƙofar mai unguwa inda kowa zai gani. Amma daga tsakar gida zuwa bakin titi aikin wanda ya san lungu ne, kuma a ganina nan ne gurbin ƙaramar hukuma: ta ɗauki masu baro da 'yan jari-bolan da suke yin aikin tun da can, ta ba su safar hannu da takalmi da albashi, ta sa mutum ɗaya a kowace mazaɓa wanda za a iya zuwa zaurensa a zauna. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Da na karanta wa Baba labarin, cewa ya yi in kuɗin ya iso, a fara saya wa tifar nan taya, in ba ta riga ta ruɓe ba.

Jujin yana nan. Yanzu mota takan zo, wani lokaci a kan kari, wani lokaci sai mun yi ta aike. Baba gwiwa ta fara ba shi matsala, likita ya hana shi sunkuyo, amma da ya ga hadari ya haɗu a gabas sai ka ji yana laluben manjagara a bayan ƙofa. Makon jiya na riga shi ɗauka. Ya tsaya a bakin zaure da carbinsa yana kallona, har na kai kwanar nan mai tsini, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan boko, ba daga nan ake farawa ba. Sauka ƙasa ka buɗe wa ruwan hanya tukuna."